Bindin da Ibn Firnas ya manta: jiragen haɗin hannu tsakanin Kano da Umdurman



A 'yan shekarun nan da wuya wata ya shuɗe ba a turo mana bidiyon wani saurayi ba, a Najeriya ko Habasha ko Kenya, ya haɗa jirgin sama da hannunsa a bayan gida. Ga ƙarfe an yi masa walda, ga injin mota an ɗaura masa farfela, ga jama'a sun kewaye suna sowa. Mu ma muna taya su murna, domin yaron da ya kwana yana lissafin fiffike ya fi mana wanda ya kwana a bakin titi. Sai dai masu yabon nan duk tambaya ɗaya suke yi: ya tashi? Har yau ba mu ji wanda ya ce: in ya tashi, wa zai sauko da shi, kuma a gaban wa ya koyi saukar?

Mu mutanen Alsawra wannan zance ya shafe mu. Sansanin jirage na Wadi Sayyidna yana arewa da mu kaɗan, abin da ya faɗo daga sama kuwa a kan rufinmu yake faɗowa. Ran 25 ga Fabrairu 2025 wani jirgin soja ƙirar Antonov ya tashi daga can, bai yi nisa ba ya faɗa cikin gidajen mutane a nan Karari, aka rasa rayuka 46. Allah Ya jiƙan su. Shi wannan a wajen tashi ya auku, kuma jirgin ƙirar masana'anta ne. Amma ya isa ya tuna mana cewa wanda ya hau sama ba da ransa kaɗai yake wasa ba. Don haka muka ga ya dace mu waiwayi tarihin abin, wanda wani yanki nasa a kan hanyar kakanninmu ya gudana.

Ɗaya daga cikin labarai mafi daɗewa da muke da su na mutum ya ƙera abin tashi da hannunsa labarin sauka ne. Abbas ibn Firnas masani ne a Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu a 887. Ya san taurari, ya ƙera agogon ruwa, ya iya sarrafa gilashi, ya warware ilimin aruli na Khalil a lokacin da ya gagari malaman garinsu. Malam al-Maƙƙari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1632, ya kawo a cikin Nafhuɗ Ɗib cewa mutumin ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya faɗa daga wuri mai tsawo, ya yi tafiya mai nisa cikin iska. Da ya zo sauka sai ya ji ciwo a gadon bayansa, saboda bai lura tsuntsu da bindinsa yake sauka ba, bai kuwa yi wa kansa bindi ba. A yau a kan sa sunansa a kan filin jirgi da gada, a ce shi ne farkon mai tashi. Mu dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, mutum mai wannan kaifin basira ya shafe lokaci yana kallon tsuntsu a sama, amma bai tsaya ya kalle shi a daidai lokacin da yake dira a reshe ba.

Hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa, daga Kano da Sakkwato da Borno, ta Wadai da Darfur da Kordofan har bakin Nilu, ita ce jiragen farko suka bi, sai dai su daga gabas suka faro. A ƙarshen Oktoba 1925, shekarar da aka kammala hazzan Sinnar, jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Hilwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa Arthur Coningham. Jirage ne masu fiffike biyu biyu, na katako da zane. Suka biyo ta Hartum da Ubayyid da Fashir, suka ratsa ƙasar Chadi, suka taɓa Maiduguri, ran 1 ga Nuwamba suka dira a filin wasan dawaki na Kano. Tafiyar da mahajjaci kan yi a shekaru, yana tsayawa yana noma yana tara guzuri, suka yi ta cikin mako guda. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kai a kai tsakanin Hartum da Kano.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo ya mayar da hanyar ta jiragen haɗi. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuma suna bukatar jiragen yaƙi a Masar. Dabarar da suka yi ita ce su kwakkwance jirage, su zuba su cikin manyan akwatunan katako, su kai su tashar Takoradi a ƙasar da yau ake kira Ghana, a can a sake haɗa su. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bayyana goyon bayansa ga Faransawan de Gaulle a watan Agusta, sararin Chadi ya buɗe. A watan Satumba 1940 ayarin farko ya tashi: jirgi ɗaya mai inji biyu, mai ɗauke da masanin hanya, yana gaba, ƙananan jiragen Hurricane suna biye da shi kamar madugu da fatake. Daga Takoradi sai Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, sai Jinena, sai Fashir, sai Hartum, daga nan a bi Nilu zuwa Masar, kusan kilomita 6,000 cikin kwana shida ko makamancin haka. Kafin ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya, Wadi Sayyidna kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan zangunanta, musamman bayan shigowar Amurkawa.

Abin lura a nan shi ne, babu abokin gaba a mafi yawan hanyar, amma an yi ta asarar jirage. Hazo ya ɓatar da wasu, yashi ya cinye injin wasu, mai ya ƙare wa wasu a dokar daji, wasu kuma sun iso zango lafiya suka karya ƙafa a kan filin turɓaya. Har ta kai ana shafa wa bayan ƙananan jiragen farin fenti domin in ɗaya ya sauka a jeji masu nema su hango shi daga sama. Masu haɗa jiragen ƙwararru ne, sassan kuma daga masana'anta suka fito. Wahalar tana wajen matuƙi, wanda aka horar a sanyin Ingila a kan ciyawa, aka ce ya sauke jirgi da tsakar rana a Jinena.

Me ya sa sauka ta fi wuya? Abin da yake riƙe jirgi a sama gudu ne. Muddin gudunsa ya kai wani haddi, iska tana ɗauke da fiffike. In ya gaza haddin, sai iskar ta saki fiffiken, jirgi ya zube. A wajen tashi matuƙi guje wa wannan haddi yake yi, inji yana ruri, kowace daƙiƙa gudu yana ƙaruwa, sarari yana ƙaruwa a ƙarƙashinsa. A wajen sauka kuwa da gangan yake neman haddin. Zai gangaro da gudun da ya ɗara shi da kamar kashi 30 cikin 100, ya rage wuta, in ya zo dab da ƙasa ya ɗaga hancin jirgi a hankali, gudun yana zagwanyewa, ya auna yadda ɗagawar fiffike za ta ƙare daidai lokacin da taya ta taɓa ƙasa. In ya ɗaga hanci da wuri, jirgi ya saki a sama ya faɗo da ƙarfi. In ya makara, ya buga ƙasa ya yi tsalle, kuma wanda bai ƙware ba a tsalle na biyu yakan danna hanci ƙasa don ya tilasta masa zama, sai na uku ya fi na biyu muni. In ya zo da gudu fiye da kima don tsoro, fili ya ƙare masa, domin ƙarin kashi 10 na gudu yana jawo ƙarin kamar kashi 20 na tsawon filin da ake bukata. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi, ga iska tana iya bugowa daga gefe. Maganin da malaman tuƙi suke koyarwa tun ranar farko shi ne, in saukar ta ɓaci a ba inji wuta a sake zagayowa. Faɗarsa ba wuya, amma zuciyar mutum in ta ga ƙasa kusa ba ta son rabuwa da ita.

Ƙasarmu kuma tana da nata ƙarin. In zafi ya haura digiri 40, kamar yadda muka saba a watan Mayu, iska takan yi sako-sako, jirgi ya taɓa ƙasa da gudun da ya fi na lokacin sanyi, inji kuma ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa a daidai lokacin da ake son ya ceci mutum. Ga habub a nan, ga hazon hunturu a can Arewa. Ko manyan jirage ba su tsira ba. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya zo sauka a Kano, ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama wuta, mutum 176 cikin 202 suka rasu. Ran 10 ga Yuni 2008 jirgin Sudan Airways ya sauka a Hartum a kan jiƙaƙƙen titi, iska tana tura shi daga baya, ya zarce ƙarshen titin ya kama wuta, mutum 30 suka rasu. Da yawa daga cikinmu mun ga wannan a talabijin a daren.

To ina ga jirgin da mutum ya haɗa da kansa? Wannan ma yana da tarihi. A 1934 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya wallafa littafi yana koya wa talaka yadda zai ƙera ɗan jirgi da katako da injin babur. Ya sa masa suna Pou-du-Ciel, wato kwarkwatar sama. Shi kansa ya sha wuya wajen koyon tuƙin jiragen da aka saba, don haka ya yi nasa mai sauƙi, da sanda ɗaya ake sarrafa shi. Ɗaruruwan mutane a Faransa da Ingila suka duƙufa a garejinsu. Daga watan Agusta 1935, farawa da wani a Aljeriya, sai aka fara mutuwa, kuma duk iri ɗaya: jirgi ya sunkuyar da kai, matuƙi ya ja sanda, jirgi ya ƙara sunkuyawa har ƙasa. A 1936 aka sa shi cikin ramin gwajin iska a ƙasashen biyu, aka gano cewa fiffiken gaba yana turo wa na baya iska, in aka gangaro da gudu, kamar yadda matuƙi yake yi in zai sauka, sai na bayan ya rinjayi na gaban. Aka hana tashinsa sai da aka gyara ƙirar. Mignet bai ci karo da aibin ba saboda nasa injin ƙarami ne. Waɗanda suka sa inji mai ƙarfi don su fi malaminsu, su abin ya ci.

Amurka ce ta mayar da sha'anin tsari. A 1953 Paul Poberezny da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙera jirage a gida, wadda taronta na shekara a garin Oshkosh ya shahara. Dokarsu ta yarda mutum ya haɗa jirginsa in shi ya yi fiye da rabin aikin, a duba shi, sannan ya gwada shi awa 25 ko 40 a wani keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki kowa. Duk da haka, da hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta yi nazari a 2012, ta tarar waɗannan jirage kamar kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su suka yi kamar kashi 15 na haɗurra da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Fiye da rabin haɗurran kuma ba a hannun maƙerin suka auku ba, a hannun wanda ya saya daga gare shi ne. Dalilin a fili yake. Jirgin masana'anta, in ka iya ɗaya ka iya ɗan'uwansa. Na haɗin hannu kowanne da halinsa: nauyinsa, saurin amsa sandarsa, inda aka sa makunninsa. Mawaƙin Amurka John Denver yana da dubban awanni a sama, ya sayi irin wannan jirgi wanda maƙerinsa ya sa majuyin tankin mai a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Ran 12 ga Oktoba 1997, bayan ya gama gwada sauka da tashi a Monterey, mai ya yanke masa, ya faɗa teku ya mutu. Masu bincike suka ce mafi rinjayen zato ya juya ne don ya kai hannu ga majuyin, jirgi ya kuɓuce masa. Shi maƙerin ma yana da tasa matsala: shekarun da ya shafe yana buga ƙusa a gareji ba ya tuƙi, ranar da jirgi ya kammala ita ce ranar da hannunsa ya fi tsatsa.

Kada a ɗauka wannan zancen Turawa ne kaɗai. Jirgin da sojan saman Najeriya suka daɗe suna koyar da ɗalibansu da shi a Kaduna asalinsa jirgin haɗin gida ne. Wani Ba'amurke, Richard VanGrunsven, shi ya riƙa sayar da sassansa a akwati ga masu sha'awa da sunan RV-6A. Wani kamfani a Kaduna ya gyara ƙirar ta dace da bukatar soja, na gwaji ya tashi a 1989, aka haɗa guda 60 a shekarun 1990, aka kira shi Air Beetle, in mun so mu ce buzuzun sama. Bafaranshe da kwarkwata, Kaduna da buzuzu. Su dai maƙeran ƙananan jirage ba su da girman kai wajen raɗin suna. Shi wannan samfuri an san shi da abu guda a wajen sauka: ƙafarsa ta gaba siririya ce, in aka ɗora mata nauyi da wuri a ƙasa mai laushi, mariƙin tayar yakan caki ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe baya, jirgi ya kife a kan bayansa. Hukumar Amurka ta yi nazarin wannan a 2007, kamfanin kuma ya sake ƙirar mariƙin ya ƙara masa nisa da ƙasa. Sauran maganin a hannun matuƙi yake: ya dira da tayoyin baya, ya riƙe hanci a sama har gudu ya mutu. Bambancin Kaduna da garejin bayan gida shi ne, a Kaduna babu wanda aka miƙa wa buzuzun nan shi kaɗai sai malami ya zauna gefensa ya ga saukarsa sau da yawa. Ko da hakan ba a kuɓuta ɗungurungum ba: ran 24 ga Agusta 2017 ɗaya ya faɗi a Kaduna, wanda ya rasu a ciki kuwa babban malamin tuƙi ne, Guruf Kyaftin Adanu Ochai. A nan kusa da mu ma, masana'antar Safat da ke Karari ta nuna ƙaramin jirginta na farko, Safat-01, a 2009.

Na bayan gida na haƙiƙa a ƙasar Hausa, wanda duniya ta ji labarinsa, shi ne Mubarak Muhammad Abdullahi. A 2007 yana da shekara 24, yana karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas, da injin Honda Civic, da kujerun tsohuwar mota, da tarkacen aluminiyam. Tuƙin a intanet ya karanta. Jirgin ba shi da ma'aunin tsawo. Rahotannin lokacin sun ce ya tashi sau shida, bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Wasu sun yi dariyar ƙafa bakwai ɗin. A ganinmu ita ce mafi kyawun lamba a labarin, domin daga wannan tsawo mutum yana iya faɗowa ya karkaɗe riga ya koma ga lissafinsa.

A gwada shi da Gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, Allah Ya ji ƙansa da rahama gwargwadon aikinsa. Mai harhaɗa magunguna ne da ya ƙaunaci jirgi, ya je Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya yana kan mulki, ya sami lasisin matuƙi mai zaman kansa. Jirginsa lafiyayye ne, Cessna 208, ƙirar masana'anta. Ran 25 ga Oktoba 2012 da yamma ya taso daga Jalingo yana tuƙi da kansa, ya faɗi kusa da Yola yana shirin sauka. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ta Najeriya ya nuna ba shi da shaidar tuƙa wannan samfuri, ba shi da ta tuƙin dare ko ta tuƙi da na'urori, tafiyar kuwa ta kai shi bayan faɗuwar rana. Ya ji rauni a kai, aka yi jinyarsa a Jamus da Amurka, bai ƙara komawa yadda yake ba, ya rasu ran 28 ga Yuni 2017. Takarda yana da ita, kuɗi yana da su. Awannin zama kusa da malami a cikin wannan jirgi, a irin wannan lokaci, su ne ba su cika ba, kuma da wuya a sami mai ce wa gwamna ya dakata.

Mu da muka yi karatun zaure mun san wannan tsari tun kafin mu ga jirgi. Littafi yana kasuwa, kowa yana iya saye, amma ba a ce mutum ya karanci Risala sai ya durƙusa gaban wanda ya karance ta a gaban wani. A makarantun tuƙi, tun daga ta Zariya da aka kafa a 1964, ɗalibi yakan shafe kwanaki yana abu ɗaya: ya tashi, ya kewaya fili, ya sauka, ya sake tashi, malami yana gefensa hannunsa kusa da sanda, har ranar da malamin zai buɗe ƙofa ya fita ya ce je ka kai kaɗai. Bayan an ba shi lasisi ma, ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi ita ce ba zai ɗauki fasinja ba sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka gabata. Amurkawa kuma a 2014 suka sassauta dokar gwaji, suka yarda maƙeri ya ɗauki ƙwararren matuƙi tare da shi a tashin farko na jirgin da ya haɗa, maimakon ya hau shi kaɗai.

Muna da samari a warshoshin Umdurman waɗanda hannunsu bai gaza na Mubarak ba, kuma bidiyon nan suna shiga wayoyinsu kamar yadda suke shiga namu. Ba mu ce a hana su ba. Usɗan da ya ga yaronsa ya fara yankan fiffike ya sa shi ya ɗora abin a kan sikeli, ya ɗaure shi da igiya ya gwada injin a ƙasa, kada kuma ya bar shi ya fitar da shi fili tsakanin gidajen mutane. In kuwa cikin masu karanta wannan akwai wanda ya taɓa riƙe sandar jirgi, ko ya yi aikin gyaransa, a Hartum ko Zariya ko wani wuri, muna roƙo ya aiko mana da saƙo ta wannan shafi, mu haɗa shi da samarin.